Bin sawun sunan Lewandowski: kundin aiki, Janairu zuwa Fabrairu 2025

Asabar, 4 ga Janairu

Ƙungiyar nazarin harshe ta makarantarmu takan fitar da 'yar ƙasida kowane zango a kan sunaye. Wancan zangon mun yi ta sunayen yanayin haihuwa, su Tanko da Kande da Gambo da Audi. Wannan karon yaran suka ce sai dai a tsallaka teku a ɗauko sunan ɗan ƙwallo. Aka ɗaga hannu, Robert Lewandowski na Barcelona ya yi rinjaye, binciken kuma ya faɗo kaina. A nan zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, don wanda zai karɓi aikin bayana ya san inda ramukan suke.

Shafi takwas muke so, a kuma raba kafin azumi ya kama. Ƙungiya ta ba ni naira 25,000. Yau na sa data ta 4,500, na sayi littafin rubutu mai kaurin bango 1,200. Mai taya ni daga can ɗan yayata ne da ke karatu a Toruń, wani tsohon birni a bakin kogin Vistula a ƙasar Poland. Ya ce in turo tambayoyi ta saƙon murya, zai amsa idan ya fito daga aji.

Litinin, 6 ga Janairu

Tun ban fara ba wani ɗalibi ya kawo mini amsa a waya. Saƙo ne da ke yawo a WhatsApp wai Lewandowski na nufin "ɗan zaki". Yaran sun riga sun karɓe shi hannu bibbiyu, don ya dace da mutumin da ya ci ƙwallo 5 cikin minti 9 a ragar Wolfsburg a 2015, ya kuma ci 41 a kakar Bundesliga ta 2020 zuwa 2021, ya karya tarihin Gerd Müller na ƙwallo 40.

Maganar tana da ɗan abin riƙewa, shi ya sa ta yi wuyar kayarwa. A harshen Poland lew shi ne zaki. Amma idan ka cire lew daga gaban sunan, me za ka yi da "and" ɗin da ke tsakiya? Babu mai bayaninsa. Ga kuma wata hujja da ta fi ƙarfi: kalmar lew takan zubar da wasalinta idan an yi mata ƙari, ta koma lwa ko lwy. Birnin Lviv na Yukren, wanda mutanen Poland ke kira Lwów, an sa masa sunan wani yarima ne mai suna Lew a ƙarni na 13, wanda aka danganta da birnin kuma Lwowski ake ce masa. Sunan da ya bi ta hanyar zaki ke nan, kuma bai yi kama da na ɗan ƙwallonmu ba.

Magoya baya suna yi masa laƙabi da Lewy, gutsuren sunan ne kawai, ko da yake a harshensu kalmar tana nufin hagu, shi kuwa da dama ya fi buga ƙwallo. Zan ba wannan rabin shafi a ƙasidar, domin yaran su ga yadda kamannin sauti ke jan mutum zuwa ma'anar da ba ita ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na yanka sunan gida uku a kan allo: saiwa lewand, sai ow, sai ɗafa-ƙeya ski. Daga yau kowane yanki da shafinsa a littafina. Babu wuta, na kai kwamfuta caji, 200.

Litinin, 13 ga Janairu

Jiya da daddare na je gidan kallo saboda wasan ƙarshe na kofin Super Cup na Sifaniya a Jidda. Barcelona ta ci Real Madrid 5 da 2, mutumin namu ya ci ɗaya a bugun fenareti, aka kuma ba mai tsaron gidansu Szczęsny, shi ma ɗan Poland, jan kati. Ni kunnena na kasa wajen yadda ake kiran sunan. 'Yan benci suna ta "Lewandoski! Lewandoski!", mai sharhi kuma yana faɗin wani abu daban.

Da safe na tambayi ɗan yayata na Toruń. Ya ce, "Kawu, su nan harafin w ba wa suke karanta shi ba. Sautin nan ne da ake yi da leɓen ƙasa da haƙoran sama, irin v ta Turanci. Na biyun kuma da yake ya zo gaban s sai ya koma f." Ya maimaita mini a hankali, nauyin muryar yana faɗawa a kan gaɓa ta biyun ƙarshe, wato dof. A kusan duk kalmomin harshen, in ji shi, nan nauyin yake sauka. Na ajiye saƙon zan kunna wa yara a aji, don rubutu ba zai koyar da wannan ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Makon nan gaba ɗaya a kan ski na ƙare shi, kuma nan ne naman aikin yake.

Abu na farko, suna mai ski sifa ce, ba suna ne tsagwaronsa ba, saboda haka yana bin jinsi da adadi. Namiji Lewandowski, mace Lewandowska, su biyu ko gidan gaba ɗaya Lewandowscy. Matar ɗan ƙwallon, wadda ta yi suna a wasan karate, Anna Lewandowska ake kiranta. Marie Curie da aka haifa a Warsaw a 1867, wadda ta ci kyautar Nobel a 1903 da 1911, Maria Skłodowska ce a gida, mahaifinta kuwa Skłodowski. Da na faɗa wa yara sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai Bakano da Bakanuwa da Kanawa ke nan." Ta harbi gaskiya. Bambancin kawai mu a goshi da ƙeya muke ɗafawa, su a ƙeya kaɗai, kuma su abin ya shige har cikin fasfo da katin shaida.

Abu na biyu, asalin wannan ɗafi na masu ƙasa ne. Poland tana da ajin sarakuna da 'ya'yan sarauta da ake kira szlachta. Da farko ana kiran mutum da sunansa ne a haɗa da garin da ya mallaka, kamar Jan z Tarnowa, wato Jan na Tarnów. Wajen ƙarni na 15 sai salon ya juya, aka koma cewa Tarnowski. A wannan zamanin, mai ski yana gaya maka ne cewa garin nasa ne ko na gidansu. Mu ma mun san ɗaukar sunan gari, su Malam Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma namu yana nuna inda mutum ya fito ne, ba ya cewa shi ke da garin.

Sai abin da yakan faru da duk wani abu mai daraja ya faru. 'Yan birni suka fara ara, manoma suka biyo baya, limaman coci masu rubuta haihuwa su ma suna liƙa wa mutane. Maƙeri a harshen kowal ne, ga shi yau Kowalski shi ne suna na biyu a yawa a ƙasar, bayan Nowak mai nufin sabon zuwa. Kundin tsarin mulki na 1921 ya soke gatan 'yan sarauta baki ɗaya. Saboda haka wanda ya ce maka duk mai ski jinin sarauta ne, ya tsaya a ƙarni na 15.

Na fi jin daɗin wannan sashe a kan duk abin da na karanta zuwa yanzu, domin yana nuna talaka yana miƙa hannu ya ɗauki abin da aka ce ba nasa ba ne, har ya zama nasa ɗin.

Litinin, 20 ga Janairu

Gyaran takardun gwaji ya cinye ranar. Na dai kwafe jerin sunaye goma da suka fi yawa a Poland. Lewandowski ne na bakwai, masu shi maza da mata kimanin 90,000.

Asabar, 25 ga Janairu

Nan aiki ya cije. Na ɗauka saiwar za ta zo da sauƙi, sai na tarar da masana sun rabu biyu.

Duka ɓangarorin sun yarda da abu ɗaya: a ƙarƙashin sunan akwai tsohuwar kalma lewanda, wadda yau ake cewa lawenda, wato tsiron lafenda mai fure shuɗi-shuɗi da ake turare da shi. Inda suka saɓa shi ne hanyar da aka bi daga tsiro zuwa mutum. Ɓangare na farko yana cewa an bi ta gari ne: akwai wuri mai suna Lewandów, mutumin wurin kuma Lewandowski, kamar yadda Tarnów ta ba da Tarnowski. Wannan shi ne bayanin da ya fi yawo. Wurin yana nan, unguwa ce yanzu a gundumar Białołęka da ke arewa maso gabashin Warsaw. Mu ma muna da irin wannan sarƙa: itacen rimi ya ba ƙauye suna, ƙauyen Rimi ya ba Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983.

Ɓangare na biyu yana cewa lissafin bai fita ba. An riga an ga sunan a rubuce tun ƙarni na 17, kuma a cewarsu ya girmi wannan unguwa. Sannan ba a kewayen Warsaw ya fi taruwa ba. Cibiyarsa yankin Kujawy ne da maƙwabtansa, wajen Włocławek da Bydgoszcz da Toruń, can arewa maso yamma da babban birnin. A ganinsu kai tsaye aka ɗauko sunan daga tsiron, aka ba mai nomansa ko mai sayar da shi ko wanda yake zaune kusa da lambunsa, sannan aka ɗora masa owski don ya yi kama da sunayen manya.

Na kwana biyu ina jujjuya abin. Ra'ayi na biyu ya fi kwanta mini, saboda mutum 90,000 ba za su fito daga ƙaramin wuri ɗaya ba, kuma taswirar yaɗuwar sunan tana nuna wani waje daban. Amma ƙasidar yara ce, zan sa ra'ayoyin biyu, in faɗi wanda na karkata gare shi da dalilina. Wannan ya rushe tsarin da na yi wa shafi na huɗu da na biyar, sai an sake su.

Wanda ya aza harsashin ƙidayar sunayen shi ne Kazimierz Rymut, masanin harshe a Kraków da ya rasu a 2006. Daga 1992 zuwa 1994 ya fitar da ƙamus mai juzu'i 10 na sunayen da ake amfani da su a Poland, ya ɗauko alƙaluman daga rajistar 'yan ƙasa ta PESEL, kowane suna da yawan masu shi lardi-lardi. Irin wannan aiki nake yi wa sunayenmu kwaɗayi.

Laraba, 29 ga Janairu

Yaran ba su taɓa ganin lafenda ba, na ga bai kamata mu rubuta shafi guda a kan abin da hancinsu bai sani ba. Na shiga Kasuwar Kurmi layin masu turare. Wani dattijo ya laluba can bayan kwalabe ya zaro wata 'yar mitsitsiya, ya goge ƙurar da gefen rigarsa, ya ɗiga mini a bayan hannu. Ƙamshin yana da sanyi da ɗan kaifi, yana kama da na ɗoɗɗoya ta wani gefe, kuma ba mamaki, dangi ɗaya suke da ita da na'ana'a. Ya ce, "Malam, wannan ba kowa ke nema ba, masu haɗa humra ne ke ɗan sawa." Na biya 2,500.

Tsiron asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, kudancin Faransa ya yi fice da gonakinsa. A Turai ta arewa an riƙa shuka shi a lambunan gidajen ibada da na masu hali, ana cusa busasshen furensa cikin akwatin tufafi don ƙamshi da korar asu, ana kuma magani da shi. Sunayen Poland da suka fito daga tsiro ba su ƙidayuwa: Wiśniewski daga itacen ceri, Jabłoński daga tuffa, Kwiatkowski daga fure, Zieliński daga ganye ko launin kore.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yaron nan ya yi shiru, jarrabawar ƙarshen zango suke yi. Data ta ƙare, na sake sa ta 4,500. Caji wannan makon 400.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ina so in sa hoton tsohuwar takardar haihuwa guda ɗaya mai ɗauke da sunan, don yara su ga yadda ake rubuta shi a da. Wannan buri ya ba ni wahala fiye da komai.

Samo takardar ba shi ne matsalar ba. Akwai rumbun Geneteka na ƙungiyar masu binciken asali ta Poland, 'yan sa-kai ne suka bi littattafan coci suna fitar da sunaye, kuma kyauta ne. Hukumar adana tarihi ta ƙasar ita ma ta ɗora hotunan littattafai da yawa a intanet. Na sa sunan a lardin Kujawy, sakamako ya zubo shafi bayan shafi. Na zaɓi ɗaya ta ƙarshen ƙarni na 19, na jira hoton ya buɗe da wannan sabis mai jan ƙafa, da ya buɗe sai na ga ko harafi ɗaya ban iya karantawa. Da Rashanci aka rubuta, rubutun tafiyar tsutsa, tawada ta koɗe. Manhajar fassara ta waya ta kasa gane komai, abin da ta fitar ba shi da kai ba shi da gindi.

Dalilin yana cikin tarihin ƙasar. Rasha da Prusiya da Ostiriya sun yi rabon Poland a 1772 da 1793 da 1795, ta ɓace daga taswira shekara 123, sai 1918 ta dawo. Kowane mai mulki da harshen da yake rubuta mutane. A ɓangaren Ostiriya limamai da Latin suke cike layuka. A ɓangaren Prusiya ofisoshin rajista na gwamnati sun fara aiki a 1874 da Jamusanci. A ɓangaren Rasha da harshen Poland ake rubutawa tun daga tsarin Napoleon na 1808, amma bayan tawayen 1863 aka tilasta komawa Rashanci daga 1868. Yankin Kujawy kansa an tsaga shi, Włocławek a hannun Rasha, Bydgoszcz a hannun Prusiya. Dangi ɗaya da ke gefe biyu na iyaka sai ka ga an rubuta sunansu da baƙaƙe iri biyu.

Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani dattijo injiniya da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet. Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida. Ya sa tabarau, ya matso da wayar har kusa da hancinsa, yana bin layi da farcen ɗan yatsa yana motsa leɓe. Ya ce, "Malam, wannan Rashancin kakanni ne, akwai haruffan da aka zubar bayan juyin juya hali." Duk da haka ya warware mini ita. Takardar labari ce a dunƙule, ba layuka ba. Ta fara da "Ya faru a ƙauye kaza", ta kawo kwanan wata biyu, na kalandar Rasha da na Turai, kwana 12 tsakaninsu, duk lambobi a rubuce da kalmomi. Uban jariri ya bayyana, manomi, tare da shaidu biyu, ya nuna yaron, aka faɗi sa'ar haihuwa da sunan uwa. Sunan uban an rubuta shi da Rashanci, aka sake shi da baƙaƙen Poland a gefe. A ƙarshe liman ya ce an karanta wa mahaifin da shaidu, shi kaɗai ya sa hannu domin su ba su iya rubutu ba.

Wannan jimlar ta ƙarshe ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mai sunan bai taɓa rubuta sunansa ba, abin da kunnen liman ya ji shi ya shiga littafi. Daga nan ne ire-iren rubutun suka fito, har da Lewandoski ba tare da w ta biyu ba, wanda shi ne dai abin da 'yan gidan kallonmu suke faɗa. Baba injiniya ya ƙi karɓar ko sisi. Kuɗin mota zuwa da dawowa 2,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wasu daga cikin yaran suna so a bi salsalar ɗan ƙwallon kansa, kakansa da kakan kakansa. Na ce a'a. Dokar Poland ba ta sakin takardar haihuwa ga kowa sai ta shekara 100, ta aure da ta mutuwa sai 80, kuma ko babu doka, asalin suna muke bi, ba asirin gidan wani ba. Abin da za mu faɗa a kansa shi ne wanda duniya ta sani: an haife shi a Warsaw ranar 21 ga Agusta 1988, ya bi ta Znicz Pruszków da Lech Poznań da Dortmund da Bayern kafin ya koma Barcelona a 2022.

Maimakon haka na ƙara ɗan akwati na wasu masu sunan. Akwai Janusz Lewandowski, kwamishinan kasafin kuɗi na Tarayyar Turai daga 2010 zuwa 2014. Akwai Louis Lewandowski da aka haifa a Września a 1821 ya rasu a Berlin a 1894, Bayahude ne mai tsara waƙoƙin ibada na majami'ar Yahudawa. Na sa shi da gangan. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 ne hukumomi suka tilasta wa Yahudawan yankin ɗaukar sunan iyali na dindindin, Ostiriya tun 1787, wasu kuwa suka ɗauki irin sunayen maƙwabtansu. Sunan bai isa ya gaya maka addinin mutum ba, kamar yadda bai isa ya gaya maka ko ɗan sarauta ne ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Yaron ya gama jarrabawa ya dawo da kaya masu amfani. Ya ɗauko mini hoton wani dutsen kabari a tsohuwar maƙabartar garin, dusar ƙanƙara ta rufe gindinsa, ga kyandir a cikin jar kwalba. An sassaƙa Rodzina Lewandowskich, wato iyalin su Lewandowski. Na ce wannan kuma wane ƙarshe ne? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba ka ga komai ba." Harshen yana sauya ƙarshen kalma hanya bakwai gwargwadon aikinta a jimla. Ƙwallon Lewandowski sai a ce Lewandowskiego, an ba shi sai a ce Lewandowskiemu, tare da shi sai a ce Lewandowskim. Wanda bai san wannan ba zai buɗe jaridar wasanni ya zaci 'yan wasa huɗu ake magana a kai.

Ya kuma tambayi tsohuwar da yake haya a gidanta, wadda yake kira Pani, kamar a ce Hajiya a wurinmu. Ta ce a ajinsu na firamare kaɗai akwai masu sunan da ba dangin juna ba, kuma ba ta taɓa jin wani ya tsaya tunanin fure ba idan an kira shi. Ta ƙara da cewa 'yan uwanta da ke Chicago matansu ma ski suke rubutawa, domin takardun Amurka ba su san ska ba, kuma har yau abin yana yi mata banbaraƙwai a kunne. Wannan ma ya shiga ƙasida.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ɓarna a wurin bugawa. Na kai aikin a filashi da safe, na bar wa yaron shagon ya buga kwafi 20 na farko, na wuce aji. Da na dawo na tarar duk inda ł ko ę ko ś ko ń suke, ɗan akwati ne fari a wurin. Białołęka ta zama rami-rami, Toruń ta rasa wutsiya. Haka ƙ da ɗ da ɓ namu, su ma duk sun koma akwatuna. Kwamfutar shagon ba ta da irin zanen haruffan da na yi aiki da shi, sai ta musanya da wani da bai san haruffan Hausa ba balle na Poland. Yaron bai duba ba, ya ce shi ya zaci ado ne.

Ƙasidar da take koyar da cewa kowane harafi a suna yana da aiki ba za ta fita da ramuka ba. Mun yi ta ja-in-ja da mai shagon, a ƙarshe na biya kuɗin kwafi 20 ɗin, 4,000, ya yarda zai yi mini ɗinkin sauran kyauta. Na koma gida na mayar da aikin PDF yadda haruffan za su tafi a cikinsa, na buɗe a waya na bi shafi-shafi. Caji 400. Ƙa'ida daga yau: kwafi ɗaya za a fara bugawa, in karanta shi a tsaye a shagon, sannan a ci gaba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An buga kwafi 60, 12,000. Taswirar Poland mai launi da za a liƙa a aji, wadda na zagaye Kujawy da Warsaw a kanta, 1,500. Jimillar abin da ya fita 33,200, wato na cika 8,200 daga aljihuna. Na rubuta wa ma'ajin ƙungiya lissafin dalla-dalla tare da rasit.

Jiya muka raba. Na kunna saƙon muryar, aka zaga da kwalbar turaren benci-benci. Ɗalibin da ya kawo maganar zaki bai sauka gaba ɗaya ba, ya ce fure bai dace da mai cin raga ba, na ce ya rubuto hujjarsa a shafi ɗaya mu sa a fitowa ta gaba. Shafi na shida yana buƙatar gyara, hoton takardar Rashancin ya yi duhu a fotokwafi, sai an haska shi kafin a ƙara bugawa.

Zango mai zuwa yaran sun zaɓi Szczęsny. Shi ba ski gare shi ba, tsohon sunan yanka ne mai ma'anar mai sa'a, kusa da Sa'idu a wurinmu, saboda haka zai buɗe mana sunayen iyali da suka fito daga sunan uba, har da masu ƙarewa da wicz da czyk. Zan fara bayan Sallah. Kafin nan na roƙi ɗan yayata ya turo mini sautin baƙaƙen farkon sunan a hankali, kuma zan nemi ƙungiya ta ɗaga kasafin zuwa 35,000.